Setin Bawul a Injin Ƙaramar Taraktar Yankan Ciyawa

Malam, ka ce kana da ƙaramar tarakta ta yankan ciyawa mai injin fetur silinda ɗaya, kuma idan ka murɗa makulli sai injin ya fara juyawa sannan ya cije wuri guda kamar batir ya yi sanyi, alhali ka sa sabon batir har ma ka canja sitata. Wani ya gaya maka bawul ne ke neman seti, kana so ka san ko maganar tana da tushe, da yadda ake aikin, da tazarar da ake bari. Maganar tana da tushe ƙwarai. A irin waɗannan injuna, alamar da ka kwatanta ta fi nuna buɗewar tazarar bawul fiye da lalacewar kayan wuta, kuma aiki ne da mai haƙuri zai iya yi da hannunsa da kayan aiki kaɗan. Sai dai gyaruwar aikin ko ɓacinsa yana farawa ne tun kafin a taɓa noti, daga wurin da aka tsayar da fistin lokacin awo, don haka a nan zan fi daɗewa.

Kowace silinda tana da bawul biyu: na shiga, wanda iska da fetur ke bi su shiga, da na fita, wanda hayaƙi ke bi ya nufi salansa. A injin da bawul ɗinsa ke cikin kan silinda, wanda sau da yawa za ka ga an buga haruffan OHV a jikin murfinsa, kamshaf, wato sandar da ke juyawa tana sarrafa buɗewar bawul, yana can cikin cikin injin. Tudun da ke jikin kamshaf yana ɗaga wani ɗan ƙarfe da ake kira tafet, tafet ya tura wata siririyar sanda, sandar ta ɗaga gefe ɗaya na roka, ɗaya gefen kuma ya danna kan bawul ya buɗe shi, idan tudun ya wuce sai sifirin ya mayar da bawul mazauninsa. A lokacin da bawul yake rufe ana barin 'yar rata tsakanin bakin roka da kan sandar bawul. Wannan ratar ita ce tazarar da ake magana, kuma kaurinta bai wuce na takardar rubutu ɗaya ko biyu ba, wato tsakanin milimita 0.08 da 0.20 a galibin ƙananan injuna.

Zafi ne dalilin barinta. Bawul ɗin fita yana aiki cikin zafin da ke haura digiri 600 a ma'aunin Salshiyas, sandarsa tana ƙara tsawo, kan silindar kuma na alminiyam ne, wanda ke buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe. Masu ƙera injin sun lissafa wannan duka, suka ba da adadin da za a auna a kan inji mai sanyi. Idan tazarar ta yi kaɗan, da inji ya ɗau zafi roka zai riƙe bawul ya hana shi zama sosai. Mafi yawan zafin da ke kan bawul ta mazauninsa yake fita, saboda haka bawul ɗin da bai zauna ba ya rasa hanyar hucewa, wuta kuma tana bi ta gefensa tana cinye shi. Irin wannan injin yakan tashi lafiya da sanyi, sannan ya rasa ƙarfi ko ya mutu bayan ya yi zafi, wani lokaci yana harbi ta kafireta ko ta salansa. Idan kuwa tazarar ta yi yawa, bawul yana makara wajen buɗewa, ba ya buɗewa iyakar yadda aka tsara, kuma za ka ji ƙara ƙas-ƙas daga murfin. Ni matsattsiyar tazara ta fi ba ni tsoro, domin ba ta yin ƙara, sai ta gama ɓarna ake sani. Tazarar tana buɗewa ne idan tudun kamshaf da tafet da bakunan sandar turi da roka suka ci, tana matsewa kuma idan bawul ya nutse cikin mazauninsa.

Abin da ya haɗa wannan da matsalarka shi ne wata 'yar na'urar rage matsi da ke jikin kamshaf. Injin tarakta mai silinda ɗaya yakan kai girman sisi (cc) 500, kuma sitatar da aka sa masa ƙarama ce, ba ta da ƙarfin da za ta tura fistin ya ƙetare cikakken matsi daga tsaye. Maimakon a sa babbar sitata da babban batir, sai aka maƙala wa kamshaf wani ƙaramin ƙarfe mai nauyi da sifirin. Idan inji yana juyawa a hankali, kamar lokacin tayarwa, wannan ƙarfen yana fito da ɗan tudu wanda ke ɗaga ɗaya daga cikin bawul ɗin kaɗan yayin da fistin ke matse iska, wani ɓangare na matsin ya zurare, sitata ta samu ta wuce. Da inji ya kama ya ɗau gudu, ƙarfin juyawa yana wurga nauyin gefe, tudun ya kauce, cikakken matsi ya dawo. A wasu injuna bawul ɗin fita yake ɗagawa, a wasu kuma na shiga. Ɗagawar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ba ta kai milimita ɗaya ba, don haka idan tazarar bawul ta buɗe fiye da ƙima, ɗagawar tana ƙarewa a cikin ratar, roka ya motsa amma bawul bai buɗe ba. Sitata ta haɗu da cikakken matsi ta cije. Mutane da yawa sun sayi batir da silinoid da sitata a jere saboda wannan, kayan da suka cire kuma lafiyarsu ƙalau. Ina roƙonka ka daina riƙe makulli idan injin ya cije, domin sitatar da ke shan wuta ba ta juyawa tana ƙonewa cikin ɗan lokaci, har da sabuwar da ka sa.

Kafin ka buɗe murfi akwai gwaji mai sauƙi. Ka tabbata wuƙaƙen yanka a kashe suke, kawunan batir da wayar da ke haɗe da jikin tarakta a tsabtace suke kuma a ɗaure, batirin da ya huta yana nuna kusan bolt 12.6. Sannan ka cire fulogi, ka kawar da wayarsa nesa da ramin, ka murɗa makulli. Idan injin ya juya da sauri ba tare da cijewa ba, matsi ne ke tare shi, ko da yake wannan kaɗai bai wanke kayan wuta gaba ɗaya ba. Idan kuma fetur ya yi feshi daga ramin fulogin, ka tsaya nan take, domin allurar kafireta ce ke yoyo ta cika silinda, ruwa kuwa ba ya matsuwa, alamarsa iri ɗaya ce da ta bawul. A wannan hali kafireta za ka gyara, ka kuma canja baƙin mai, don fetur ya riga ya gauraya da shi.

Ba ka faɗi sunan injin ba, kuma sai da shi ake sanin adadi. Sunan da ke jikin tarakta ba shi ne na injin ba, domin kamfanonin tarakta irin su John Deere da Husqvarna da Cub Cadet sukan ɗora injunan Briggs & Stratton ko Kohler ko Kawasaki. Ka nemi lambar injin kansa, wadda a injunan Briggs & Stratton masu OHV galibi a jikin murfin bawul aka buga ta, a sauran kuma tana kan takardar da aka manna a murfin fanka ko a jikin injin. Da wannan lambar za ka nemi littafin gyara. Sanin injin zai kuma gaya maka ko yana karɓar seti ma, saboda Kohler Command yana da tafet mai aiki da matsin mai, wanda ke cike ratar da kansa, ba a yi masa seti. Tsofaffin injuna masu bawul a gefen silinda kuma hanyarsu dabam ce, zan taɓo ta a gaba.

Ga adadin da aka saba gani, duka a kan inji mai sanyi. Injunan Briggs & Stratton Intek masu silinda ɗaya suna son inci 0.003 zuwa 0.005 a bawul ɗin shiga, wato milimita 0.08 zuwa 0.13, da inci 0.005 zuwa 0.007 a na fita, wato milimita 0.13 zuwa 0.18. Masu silinda biyu na Intek suna son inci 0.004 zuwa 0.006 a duka biyun, wato milimita 0.10 zuwa 0.15, kuma Kawasaki FR ma milimita 0.10 zuwa 0.15 ne a duka. Honda GX390 yana son milimita 0.15 a na shiga da 0.20 a na fita. Idan littafin injinka ya saɓa wa waɗannan, littafin za ka bi. Ka yi hattara da inci da milimita, domin ganyen filagej, wato siririn ƙarfen da ake auna rata da shi, yakan zo da rubutu biyu a jikinsa, kuma wanda ya ɗauki ganyen milimita 0.05 yana zaton inci 0.005 ne ya matse bawul ɗinsa fiye da rabi, tun da inci 0.005 daidai yake da milimita 0.127. Idan an ba ka iyaka biyu, ka nufi tsakiya. A bawul ɗin da na'urar rage matsi ke ɗagawa nakan fi karkata ga ƙaramin adadin, amma ban taɓa sauka ƙasa da shi ba.

Ka bar injin ya kwana bai yi aiki ba, ko aƙalla ya huce har ka iya ɗora hannu a kan silinda ba ka ji ɗumi ba. Ka ajiye taraktar a wuri mai daidaito, ka taka birki ka kulle, ka zare makulli, ka cire baƙar wayar batir, fulogi kuma ya zauna a waje. Kayan aikin su ne filagej, sifanun da suka dace, alanki ko maɓalli mai bakin tauraro gwargwadon abin da ke kan roka, siririyar sanda ta katako mai tsabta, tsumma, da sabon gasket ko gam ɗin gasket mai jure zafi. Ka share ƙura da ciyawar da ke kewaye da murfin bawul sosai kafin ka kwance shi, domin duk abin da ya faɗa ciki baƙin mai zai kai shi ko'ina a injin. Ka sa tsumma a ƙasa saboda ɗan mai zai zuba. Idan murfin da gam aka manne shi, ka ɓamɓare shi a hankali daga kusurwa, kada ka lanƙwasa bakinsa, domin murfin da ya lanƙwashe ba ya daina yoyo.

Da murfin ya fita za ka ga roka biyu. Don gane wanne ne wanne, ka bi hanyar da ido: bawul ɗin da ke daidai da bututun kafireta shi ne na shiga, wanda ke daidai da bututun salansa shi ne na fita. A mafi yawan taraktocin nan silindar a kwance take, fulawil kuma, wato faifai mai nauyi da ke juyawa tare da injin, yana sama, don haka idan na ce fistin ya hau ina nufin ya matso wajen kan silinda. Ka ɗora tafukanka a kan ragar da ke saman fulawil ka juya ta yadda hannun agogo ke tafiya, kana kallon roka. Za ka ga bawul ɗin fita ya buɗe ya rufe, nan take na shiga ya buɗe ya rufe. Hawan da fistin zai yi bayan rufewar na shiga shi ne hawan matsi, kuma shi kake nema. Wannan yana da muhimmanci saboda fistin yana kaiwa ƙololuwa sau biyu kafin kamshaf ya zagaya sau ɗaya. A ɗaya ƙololuwar, wadda ke tsakanin fitar hayaƙi da shigar iska, bawul ɗin biyu duk a ɗan buɗe suke, kuma wanda ya yi seti a nan zai ƙare da tazara mai faɗin gaske, injin ya fi da muni. Idan ka ɗan motsa fulawil gaba da baya ka ga roka suna motsi, ɗaya na sauka ɗaya na tashi, kana ƙololuwar da ba ita ba, sai ka ƙara cikakken zagaye guda.

Yayin da fistin ke hawan matsi, ka zura sandar katakon ta ramin fulogi har ta taɓa kansa. Kada ka yi amfani da sukundireba, domin yana karce fistin da zaren ramin, kuma ka riƙe sandar sako-sako tun da ramin a karkace yake, kada ta maƙale ta karye a ciki. Ka ci gaba da juyawa a hankali har sandar ta daina fitowa, nan ne wurin da makanikai ke kira tof. Littattafan Honda da Kawasaki a nan suke cewa a yi awo. Briggs & Stratton kuwa suna cewa a wuce tof har fistin ya koma da rubu'in inci, wato kimanin milimita 6, kuma dalilinsu shi ne na'urar rage matsin nan: a kusa da tof tudunta yana iya kasancewa a ƙarƙashin tafet, ya cinye ratar, ka auna ka ga kamar tazarar ta matse, ka sassauta ta, ka ƙara wa kanka matsalar da kake son gyarawa. Yadda ake yi shi ne ka yi wa sandar alama daidai bakin ramin lokacin da fistin ke tof, ka yi alama ta biyu milimita 6 daga ta farko zuwa wajen hannunka, sannan ka ci gaba da juyawa ta hanyar da kake bi har alama ta biyu ta iso bakin ramin. Idan ka zarce da yawa kada ka koma baya, ka zagayo daga farko. A kowane irin inji wucewa tof da wannan ɗan kaɗan ba ya cutarwa, tun da bawul ɗin fita ba ya fara buɗewa sai fistin ya kusa ƙasa, komawa baya kuwa kan tudun rage matsi take mayar da kai. A daidai wurin, roka biyun za su yi ɗan wasa idan ka girgiza su da yatsa.

Ka auna kafin ka kwance komai, kuma ka rubuta abin da ka samu. Wannan awon na farko shi ne zai tabbatar maka ko tazarar ce matsalar: idan littafi ya ce inci 0.004 ka tarar da 0.010 ko fiye, ka kama mai laifin. Ana zura ganyen filagej ne tsakanin bakin roka da kan sandar bawul, a miƙe, ba a karkace ba, bayan an goge shi. Wasu injuna suna da 'yar hula ta ƙarfe a kan sandar bawul, awon a samanta ake yi, kuma ka lura kada ta faɗi ta ɓace, domin rashinta kaɗai yana buɗe tazarar ƙwarai. Ganyen da ya dace yana shiga yana fita da ɗan ja kaɗan, ba ya zamewa haka kawai, ba ya kuma buƙatar a tura shi da ƙarfi. Sifirin ɗin waɗannan injuna ba su da tauri sosai, saboda haka ganye mai kauri yana iya danne bawul ya shige, mutum ya zaci ya dace. Hanyar da na fi amincewa da ita ga wanda hannunsa bai saba ba ita ce gwada ganye biyu: na ƙaramar iyaka ya shiga cikin sauƙi, wanda ya ɗara babbar iyaka kuma ya ƙi shiga. Idan haka ta samu, tazarar tana cikin ƙa'ida, ka bar ta yadda take.

Wajen gyarawa, ka duba abin da ke riƙe da roka da kyau, domin iri-iri ne. A yawancin Intek masu silinda ɗaya babban notin ne ke seti, ƙaramin sukurun da ke tsakiyarsa shi ne makulli, don haka sukurun ake fara sassautawa. A Honda GX akwai babban noti na seti a ƙasa da ƙaramin noti na kullewa a samansa. A wasu kuma sukurun ne ke seti, notin ya kulle shi. Wanda ya murɗa na seti da ƙarfi bai saki makullin ba yana iya cinye zaren ko ya kwance sandar da roka ke zaune a kai. Bayan ka saki makullin, ka sa ganyen a cikin ratar, ka murɗa na setin a hankali har ka ji jan da na kwatanta. Motsin da ake buƙata ɗan mitsitsi ne. Idan zaren yana tafiyar milimita ɗaya a zagaye guda, kashi ɗaya cikin goma na zagaye ya motsa tsakiyar roka da milimita 0.1, kuma tun da a tsakiya notin yake, abin da zai bayyana a bakin bawul ya kai ninki biyu na haka, ya wuce dukkan tazarar da kake nema. Sannan ka riƙe na setin da sifana kada ya motsa, ka ɗaure makullin gwargwadon ƙarfin da littafi ya faɗa. Ɗaurewar kusan kullum tana sauya tazarar kaɗan, don haka ka sake aunawa, idan ta kauce ka saki ka maimaita. Maimaitawa sau biyu ko uku a bawul guda abu ne da ƙwararru ma suke yi.

Idan ka gama da duka biyun, ka juya fulawil cikakken zagaye biyu, ka dawo wurin awon, ka sake gwadawa. A wannan juyawar ka zuba wa roka ido lokacin hawan matsi: ya kamata ka ga ɗaya daga cikinsu ya yi ɗan motsi, ya danna bawul kaɗan ya saki, kafin fistin ya kai tof. Wannan motsin shi ne shaidar cewa na'urar rage matsi tana aiki. Idan tazarar ta yi daidai amma babu wannan motsin ko kaɗan, na'urar ce ta karye ko sifirin ɗinta ya fita, kuma maganinta canjin kamshaf, wanda ke buƙatar sauke injin a buɗe cikinsa. Kada ka yi ƙoƙarin rufe wannan da matse tazarar ƙasa da ƙa'ida, domin ƙonewar bawul za ta biyo baya, guntayen ƙarfen da suka karye kuma suna nan cikin mai. Idan injin mai silinda biyu ne, kowace silinda ana kawo fistin ɗinta wurinsa dabam a yi mata nata setin, fulogin biyu duk a cire.

Akwai lokacin da awon farko ke nuna abin da ya fi ƙarfin seti, kuma a nan ne nake so ka yi taka-tsantsan. Tazarar da ta kai milimita ɗaya ko fiye, ko roka da ya sauka daga kan bawul, ba cin yau da kullum ba ne, akwai abin da ya jawo shi. Ka zaro sandar turi ka mirgina ta a kan gilashi, idan ta lanƙwashe za ta yi tsalle. A wasu injuna ɗaya ta alminiyam ce ɗaya ta ƙarfe, don haka kowace ta koma inda ta fito, kuma ka tabbata ƙasanta ya zauna cikin ramin tafet. Sanda ba ta lanƙwashewa haka kawai. Sau da yawa bututun da sandar bawul ke gudu a cikinsa ne ya zamo waje saboda zafi ya yi wa kan silinda yawa, ya tare bawul, sandar turi ta ɗauki dukan. Ka leƙa ta cikin sifirin ka kwatanta tsayin bututun biyu, idan ɗaya ya fi fitowa, kan silindar ne ke son gyara ko canji, sabuwar sanda kawai za ta sake lanƙwashewa. Ka duba ko sandar da roka ke zaune a kai ta kwance. Ka kuma kwatanta zurfin da bawul biyun ke nutsewa idan kana juya injin: idan ɗaya da ƙyar yake motsi, tudun kamshaf ɗinsa ya cinye. Tazarar da ta ɓace gaba ɗaya kuma, musamman a na fita, tana iya nuna mazaunin bawul ya ci ko ya saki. Gwajin matsi da agogon awo ba ya faɗin gaskiya sosai a waɗannan injuna, tun da na'urar rage matsi tana zubar da wani ɓangare, gwajin da ake hura iska cikin silinda a saurari inda take fita ya fi shi amfani.

Game da injin mai bawul a gefen silinda, babu roka kuma galibi babu notin seti. Ana auna tazarar ne tsakanin tafet da ƙarshen sandar bawul ta wata 'yar taga da ke gefen injin. Idan ta matse, sai an cire kan silinda an zaro bawul an goge ƙarshen sandarsa kaɗan-kaɗan, a miƙe, ana mayarwa ana aunawa. Idan ta yi yawa, sai sabon bawul ko a sake gyara fuskarsa da mazauninsa. Wannan aikin na fi son ka kai wa wanda ya saba, domin abin da aka goge ba ya dawowa.

Wajen rufewa, ka kankare tsohon gasket ko gam daga fuskokin biyu ba tare da ka karce alminiyam ba, ka goge mai, ka sa sabon gasket. Idan gam za ka sa, siririn layi ya isa, domin abin da ya yi yawa yana matsowa ciki ya gutsure ya toshe hanyar mai, kuma ka ba shi lokacin bushewar da aka rubuta a jikinsa. Ka ɗaure kusoshin murfin a giciye, kaɗan-kaɗan, ba da ƙarfi ba. Fulogi ka fara ɗaura shi da yatsu kafin sifana, saboda zaren alminiyam yana saurin lalacewa. Ka mayar da wayoyi, ka duba ma'aunin mai, ka tayar. Injin da aka yi wa seti daidai yana juyawa ba cijewa, kuma ɗan sautin tafet mai laushi ba laifi ba ne. Ka bar shi ya yi zafi ka duba yoyo a bakin murfin. Tun da ka riga ka shiga aikin, ka cire murfin fanka ka share busasshiyar ciyawa da sheƙar ɓeraye daga tsakanin haƙarƙarin silinda, domin injin da iska ke sanyaya shi da waɗannan haƙarƙarin yake hucewa, kuma toshewarsu ce ke jawo zafin da ke zamar da bututun bawul. Honda da Kawasaki suna ba da shawarar duba tazarar bayan kowace awa 300 ta aiki, kuma ga taraktar gida duba ta sau ɗaya a shekara kafin lokacin yanka ya wadatar. Ka ajiye adadin da ka rubuta tare da awannin injin, domin idan ka dawo baɗi ka tarar tazarar bawul guda ta sake buɗewa da yawa alhali ɗayan yana nan, tudun kamshaf ko tafet na wannan bawul ɗin ne ke ci, sai ka shirya buɗe injin kafin ya tsaya maka a tsakiyar aiki.